Darasi na Tara: Christopher Marlowe da Wasanninsa na Ban Tausayi

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana son ku iya:

1. ba da tarihin Marlowe a taƙaice, ku kuma raba abin da takardu suka tabbatar da abin da zato ne kawai;
2. faɗin abin da ake nufi da wasan ban tausayi, da abin da ya bambanta shi da labarin tsautsayi;
3. ƙirga gaɓoɓin ɗango irin wanda Marlowe ya yi rubutu da shi;
4. bayyana jigon manyan wasanninsa.

1. Ɗan mai ɗinkin takalma

Duk wanda ya ɗan taɓa karatun boko ya ji sunan Shakespeare. Sa'ansa Christopher Marlowe ba kowa ya san shi ba, alhali shi ya riga shi yin suna a Landan. Shekara ɗaya aka haife su, wato 1564. An yi wa Marlowe baftisma a garin Canterbury ranar 26 ga Fabrairu, aka yi wa Shakespeare bayan wata biyu a wani gari dabam.

Mahaifinsa, John Marlowe, mai ɗinkin takalma ne. A Ingila ta wancan zamani ɗan mai sana'ar hannu sana'ar ubansa yake gada, sai in Allah ya haɗa shi da tallafin karatu. Marlowe ya dace da tallafin har sau biyu: na farko a makarantar King's School da ke garinsu, na biyu a kwalejin Corpus Christi ta Jami'ar Cambridge, inda ya shiga a 1580. Wani tsohon shugaban cocin Canterbury, Matthew Parker, shi ya bar dukiyar da ake biyan wannan tallafi na biyu da ita. Marlowe ya sami digirin farko a 1584.

Wajen digiri na biyu aka sami tangarɗa. A 1587 hukumar jami'ar ta yi jinkirin ba shi, saboda an yi ta raɗe-raɗin cewa yana shirin tafiya birnin Rheims na Faransa, inda 'yan Katolikan Ingila suke da makarantar horar da limamai. Sarauniya Elizabeth ta Farko 'yar Furotesta ce, Fafaroma ya kore ta daga cocin Katolika tun 1570, don haka zuwa Rheims kusan cin amanar ƙasa ake ɗaukarsa. Kwatsam sai Majalisar Mashawartan Sarauniya ta sa baki, ta aika wa jami'a cewa saurayin ya yi wa Sarauniya aiki mai amfani, a ba shi digirinsa. Aka ba shi. Majalisar ba ta faɗi ko wane aiki ne ba. Yawancin masana tarihi suna ganin leƙen asiri ne, domin ba a banza manyan masu mulkin ƙasa za su tsaya wa ɗan mai takalma ba.

2. Gidan wasa a Landan

Lokacin da Marlowe ya iso Landan, gidan wasan kwaikwayo sabon abu ne. A 1576 James Burbage ya gina wanda ake kira The Theatre, a 1587 kuma Philip Henslowe ya gina The Rose a kudancin kogin Thames. Ginin katako ne mai kewaye, tsakiyarsa babu rufi, saboda haka da rana ake wasa, da hasken rana. Mai kwabo ɗaya yana tsayuwa a fili gaban dandamali, mai son kujera ya ƙara kuɗi. Mata ba sa hawa dandamali, yara maza ake sa wa kayan mata su fito a matsayin sarauniya ko amarya. Kayan ƙawata dandamali kaɗan ne. In ana son 'yan kallo su san cewa an isa Masar ko dare ya yi, da baki ake faɗa musu. Ku riƙe wannan, domin shi ya sa magana ta zama ƙashin bayan wasannin wancan zamani.

3. Mene ne wasan ban tausayi?

> Akwatin ma'ana
> Tauraro: mutumin da labarin wasa ya fi ratayuwa a kansa.
> Jigo: babban saƙon da wasa yake ɗauke da shi.
> Wasan ban tausayi: wasan kwaikwayon da tauraronsa mutum ne mai wata baiwa ko ɗaukaka, amma halinsa da zaɓinsa suka kai shi ga halaka, har 'yan kallo su ji tausayinsa haɗe da tsoro.

Ba duk labarin da aka mutu a ƙarshensa ne ya cancanci wannan suna ba. Sharaɗin shi ne a ga hannun tauraro a cikin abin da ya same shi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Misali na 1. Ga labarai biyu.

Na farko: wani ɗan kasuwar hatsi yana dawowa daga cin kasuwa, motarsu ta yi karo, ya rasu.

Na biyu: wani ɗan kasuwar hatsi ya fara da mudu, ya kai ga buhu, ya kai ga cika rumbuna, saboda ya fi kowa iya hangen farashi. Wata shekara ya ciwo bashi mai yawa ya saye hatsin kaka, ya kulle. Farashi ya tashi, ƙaninsa ya ce ya sayar, ya ƙi, yana jiran ya ninka. Matarsa ta yi magana, ya ƙi. Damina ta yi kyau, sabon hatsi ya shigo, farashi ya karye, ƙwari kuma sun ci rabin nasa. Aka sayar da gidansa.

Labari na farko abin alhini ne, amma tsautsayi ne, mamacin bai zaɓi kome ba. Na biyu shi ne ke da ƙirar wasan ban tausayi: akwai baiwa, akwai gargaɗi, akwai zaɓi, sannan hangen da ya ɗaga mutumin shi ne ya kayar da shi. Haka taurarin Marlowe suke. Kusan kowannensu yana son abu ɗaya fiye da kima, ko mulki, ko ilimi, ko dukiya, ko wani mutum.

4. Waƙa marar amsa-amo

> Akwatin ma'ana
> Ɗango: layi ɗaya na waƙa.
> Amsa-amo: sautin da ake maimaitawa a ƙarshen ɗangwaye.
> Waƙa marar amsa-amo: tsarin waƙar Ingilishi mai gaɓa goma a kowane ɗango, wadda ƙarshen ɗangwayenta ba sa amsa juna.

Da wannan tsari Marlowe ya rubuta yawancin maganganun wasanninsa. Ba shi ya ƙirƙiro shi ba, an yi amfani da shi a wani wasa mai suna *Gorboduc* tun Marlowe bai zo duniya ba. Amma a hannun na gabansa tsarin a sandare yake. Marlowe ne ya sa masa rai, ya cika shi da sunayen ƙasashe masu nisa da kalmomi masu amo, har magana ta riƙa kwarara daga ɗango zuwa ɗango. Shakespeare ya tarar da hanya a share.

Misali na 2. Ku faɗi waɗannan jimloli a bayyane kuna ƙirgawa da yatsu:

Na-je-ka-su-wa-na-sa-yo-sha-nu (10)
Da-mi-na-ta-zo-da-ru-wan-sa-ma (10)

Tsawonsu ɗaya, amma ɗaya ta ƙare da *nu*, ɗaya da *ma*. Babu amsa-amo ke nan. Bambanci ɗaya dai ya rage: karin waƙar Hausa yana dogara ne da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, na Ingilishi kuwa da gaɓar da ake danna wa murya. A ɗangon Marlowe, galibi ana danna ta biyu, ta huɗu, ta shida, ta takwas da ta goma.

5. *Tamburlaine*: makiyayin da ya ci duniya

Wajen 1587 aka fara nuna wannan wasa, fitaccen ɗan wasa Edward Alleyn ya fito a matsayin tauraro. Ya karɓu ƙwarai har Marlowe ya rubuta kashi na biyu, aka buga su tare a 1590.

A wasan, Tamburlaine makiyayi ne da ya yar da sanda ya ɗauki takobi. Ya ci Farisa, ya kama Sarkin Turkawa Bajazeth ya sa shi a keji, yana taka bayansa in zai hau karaga. In ya kewaye gari, ranar farko farin tanti yake kafawa, alamar wanda ya miƙa wuya ya tsira. Rana ta biyu ja, alamar mayaƙa za su mutu. Rana ta uku baƙi, babu wanda za a bari. Mutanen Dimashƙa sun yi jinkiri har rana ta uku, suka turo 'yan mata su roƙe shi, ya sa aka kashe su. Kashi na farko ya ƙare yana kan ganiyarsa, yana shirin auren Zenocrate, 'yar Sarkin Masar.

A kashi na biyu ne abin da takobi ba ya iya wa ya iso. Zenocrate ta yi ciwo ta mutu, ya ƙone garin da ta rasu a ciki, bai dawo da ita ba. Ya kashe ɗansa na cikinsa don ya ƙi fita yaƙi. Ya ɗaure sarakuna suna jan keken dokinsa. Daga ƙarshe girman kai ya kai shi ga sa a ƙona littattafan addini har da Alƙur'ani mai girma, kuma a cikin wannan fitowar ce ciwon ajali ya kama shi. Ya mutu yana kallon taswira, yana baƙin cikin ƙasashen da bai ci ba.

Kada ku ɗauki wasan a matsayin tarihi. Timur na gaskiya, wanda aka aro labarinsa, Musulmi ne, Samarkand ce hedikwatarsa, kuma ya gina masallatai a can. Gaskiya ne ya kama Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na Farko a yaƙin Ankara a 1402, kuma ya zubar da jini mai yawa kafin ya rasu a 1405. Shi ne ma wanda masanin tarihi Ibn Khaldun ya gana da shi a bakin Dimashƙa a 1401. Sauran kuwa akwai ƙarin gishirin littattafan Turawa da Marlowe ya karanta, akwai kuma nasa.

6. *Doctor Faustus*: malamin da ya sayar da ransa

Wannan shi ne wasansa da aka fi karantawa, kuma a nan ya kamata mu daɗe. Marlowe ya samo labarin daga wani littafin Jamusanci da aka buga a 1587, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi.

Faustus ɗan talakawa ne da ya zama babban malami a jami'ar Wittenberg ta Jamus. Wasan ya buɗe yana zaune cikin littattafansa, yana auna fannonin ilimi ɗaya bayan ɗaya: manɗiƙi, likitanci, shari'a, ilimin addini. Kowanne ya raina shi. Likita yana warkar da ciwo amma ba ya hana mutuwa, to mene ne amfaninsa? Sai ya juya ga sihiri. Ya kira wani shaiɗani mai suna Mephistopheles, suka ƙulla yarjejeniya: shekara 24 shaiɗanin zai yi masa hidima, bayan nan ransa ya zama na Lusifa, babban Shaiɗan.

Ku lura da yawan gargaɗin da aka yi masa. Shi kansa Mephistopheles ya faɗa masa irin azabar da yake ciki, ya ce ya bar wannan buƙata. Da ya tsaga hannu zai sa hannu da jininsa, jinin ya daskare, sai da aka kawo garwashi aka narkar da shi. Mala'ikan alheri da na sharri suna ta zuwa suna ja-in-ja a kansa. Dab da ƙarshe wani dattijo ya roƙe shi ya tuba. Babu wanda ya yaudari Faustus, ido buɗe ya shiga.

To me ya samu? Kafin yarjejeniya burinsa ya mallaki duniya, ya san asirin sama da ƙasa. Bayan yarjejeniya ya nemi mata, aka hana shi, domin aure abu ne mai tsarki. Ya tambayi wanda ya halicci duniya, shaiɗanin ya ƙi amsawa. Shekarun suka tafi a shiririta: ya ɓace wa gani ya riƙa fizge abinci daga gaban Fafaroma, ya damfari wani dillalin dawakai, ya kawo wa matar wani basarake inabi a tsakiyar hunturu. Masu nazari da dama suna ganin wannan tsakiyar wasa rauni ce, kuma lallai akwai hannun wasu a ciki. An buga wasan iri biyu, gajere a 1604 da dogo a 1616, sannan littafin lissafin Henslowe ya nuna ya biya wasu marubuta biyu fam 4 a 1602 don su yi masa ƙari. Duk da haka, ina ganin shiriritar tana da aiki a wasan. Ita ke nuna yadda babban malami ya koma mai wasan dabo a fadar sarakuna.

> Akwatin ma'ana
> Zancen zuci: maganar da ɗan wasa yake yi shi kaɗai a dandamali, don 'yan kallo su ji abin da ke ransa.

Fitowa ta ƙarshe zancen zuci ce. Agogo ya buga ƙarfe 11 na dare, saura sa'a ɗaya. Faustus yana roƙon lokaci ya tsaya, yana fatan duwatsu su rufto masa, yana cewa da ma dabba aka yi shi wadda ba ta da hisabi. Yana son ya kira Ubangiji, yana tsoron Lusifa. Sa'ar nan guda Marlowe ya matse ta cikin 'yan mintoci, mai kallo yana jin lokacin yana gudu. Ƙarfe 12 shaiɗanu suka shigo suka tafi da shi.

Misali na 3. Wani manomi ya jinginar da gonar gado don ya buɗe shago. Kuɗin suka shigo hannu, aka yi ɗinki, aka yi biki, aka sayi babur. Ranar biya ta zo babu shago, babu gona. Ku raba takarda gida uku: abin da ya bayar, abin da ya yi niyyar samu, abin da ya samu. Ga na manomi: gona, shago, ɗinki da biki da babur. Ga na Faustus: ransa, mulki da ilimi marar iyaka, abin dariya da yawon fada. Tazarar da ke tsakanin gida na biyu da na uku ita ce jigon wasan.

7. Sauran wasannin

*The Jew of Malta*, wato Bayahuden Malta, labarin attajiri Barabas ne. Gwamnan tsibirin ya ƙwace dukiyarsa don biyan harajin Turkawa, shi kuma ya shiga ramuwa har ya sa wa 'yarsa Abigail guba tare da matan gidan ibadar da ta shiga. A ƙarshe ya faɗa cikin tafasasshiyar tukunyar da ya tanadar wa wasu. A karanta shi da lura: an kori Yahudawa daga Ingila tun 1290, yawancin 'yan kallo ba su taɓa ganin Bayahude ba, kuma Barabas hoton ƙiyayyar zamanin ne. Sai dai Marlowe bai wanke Kiristocin wasan ba, gwamnan ma azzalumi ne, munafuki.

*Edward II* ya fi sauran tsari. Labarin Sarkin Ingila ne da ya yi mulki daga 1307 zuwa 1327. Ya fifita na hannun damansa Gaveston a kan matarsa da hakimansa, har Sarauniya Isabella ta haɗa kai da Mortimer suka tuɓe shi, aka kashe shi a kurkuku. Gwanintar wasan ita ce yadda yake juya zuciyar mai kallo: da farko haushin sarkin kake ji, a ƙarshe tausayinsa.

Akwai kuma *Dido, Queen of Carthage*, kan sarauniyar tsohon birnin da kufansa ke ƙasar Tunisiya a yau, da *The Massacre at Paris*, kan kisan 'yan Furotesta a Faransa a 1572.

8. Deptford, 30 ga Mayu, 1593

Marlowe ba mai gudun rigima ba ne. A 1589 an tsare shi kusan mako biyu bayan wani faɗa da abokinsa ya kashe mutum. A 1592 an kama shi a garin Flushing na ƙasar Holan kan zargin buga jabun kuɗi, aka maido shi gida.

A watan Mayun 1593 gidajen wasa suna rufe saboda annoba, gari kuma ya ɗau zafi. Wani ya manna takardar barazana ga baƙi a jikin cocin 'yan Holan da ke Landan, ya sa hannu da sunan Tamburlaine. Aka kama marubuci Thomas Kyd, wanda suka taɓa zama ɗaki ɗaya da Marlowe, aka sami takardun da aka ce na zindiƙanci ne a wurinsa. Da aka gana masa azaba ya ce na Marlowe ne. Ranar 20 ga Mayu Marlowe ya bayyana gaban Majalisar Mashawarta, aka umarce shi ya riƙa zuwa kullum. Wani Richard Baines kuma ya kai takarda yana zarginsa da saɓo.

Ranar 30 ga Mayu Marlowe ya wuni a gidan wata bazawara, Eleanor Bull, a Deptford, tare da mutum uku: Ingram Frizer, Nicholas Skeres da Robert Poley. Rahoton binciken hukuma ya ce bayan cin abincin dare gardama ta tashi kan biyan kuɗin abinci. Marlowe ya fizgi wuƙar Frizer ya ji masa rauni a ka, Frizer ya ƙwace ta ya soke shi saman idon dama, ya mutu nan take. Har kuɗin wuƙar an rubuta, kwabo 12, wato sule guda. Yana da shekara 29. An binne shi ranar 1 ga Yuni a kabarin da ba a sa wa alama ba, kafin watan ya ƙare kuma aka yi wa Frizer afuwa a kan cewa kare kansa ya yi. Sai a 1925 wani mai bincike, Leslie Hotson, ya tono wannan rahoto.

Misali na 4. A ce an yi faɗa a cikin ɗaki, mutum ɗaya ya mutu, shaidu kuwa su ne wanda ya yi kisan da abokansa biyu. Mai hankali zai tambaya: wa ya gani? Me ke tsakaninsa da wanda ake tuhuma? Me zai samu in an yarda da maganarsa? Mu yi wa Deptford waɗannan tambayoyi. Poley sanannen ɗan leƙen asirin gwamnati ne. Frizer yaron Thomas Walsingham ne, ubangidan Marlowe. Mamacin kuma yana da magana a gaban Majalisa. Saboda haka wasu masana suke zargin shiri ne. Abin da takarda ta tabbatar: rana, wuri, sunayen mutanen da irin raunin. Abin da yake zato: cewa umarni aka bayar daga sama.

Tambayoyin bita

1. A wace shekara kuma a wane gari aka haifi Marlowe? Mece ce sana'ar mahaifinsa?
2. Me ya sa Jami'ar Cambridge ta yi jinkirin ba shi digiri a 1587, kuma wa ya sa baki?
3. Kawo dalilin da ya sa magana ta fi kayan ado muhimmanci a gidajen wasan zamaninsa.
4. Ba da gajeren labari daga rayuwar yau da kullum mai ƙirar wasan ban tausayi. Nuna baiwa, gargaɗi da zaɓi a cikinsa.
5. Rubuta jimloli biyu na Hausa masu gaɓa goma-goma, marasa amsa-amo.
6. Me launukan tantunan Tamburlaine uku suke nufi? Faɗi bambanci biyu tsakaninsa da Timur na tarihi.
7. Lissafa gargaɗi uku da aka yi wa Faustus.
8. Me Tamburlaine, Faustus, Barabas da Edward kowannensu ya so fiye da kima?
9. Tattaunawa a aji: rahoton mutuwar Marlowe ya gamsar da ku? Kowane rukuni ya kawo hujja biyu daga darasin.